Tambarin da Ya Rufe Fuskar Ruƙayyatu

Shekara ta biyu ke nan damina na yi wa Sabon Birni rowa. Gulbin Rima ya koma rairayi, awaki na ratsa shi ba su jiƙa kofato ba. A bazarar nan sanƙarau ya ɗauke Ruƙayyatu, matar Halliru mai turin fina-finai a waya, cikin kwana uku kacal. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don da an ɗaga waya take rufe fuska da mayafi.

Sai bayan sadakar arba'in Halliru ya tuna akwai wuri guda da fuskarta ta rage a duniya. Shekarar da aka yi damina ta ƙarshe, wani mutumin garin Isa mai suna Bawa ya sayar da shanun nomansa ya shirya fim a bakin gulbi. Ruƙayyatu ta gifta da tulu a ka ba ta sani ba, ta waiwayo, ta yi dariya. Daƙiƙa goma, ba ƙari.

Bawa ya kawo wa Halliru fim ɗin ya gani kafin ya shiga kasuwa, bisa amana. Halliru kuwa ya kwafe, ya manna tambarin shagonsa da lambar wayarsa a kusurwa kamar yadda masu turi ke yi, ya goge na asalin don kwamfutarsa ta cika, sannan ya ɗora shi a intanet, inda kowa ke ja daga wurin kowa. Kafin mako ya zagayo fim ya kai Maraɗi, ba wanda ya sayi na Bawa.

"Akwai doka kan wanga abu, Halliru," in ji Bawa ranar da ya tsaya a ƙofar shago. "Amma ba ni kai ka kotu. Ka riƙe."

Yanzu da Halliru ya buɗe fim ɗin, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Ga tulun, ga mayafinta shuɗi, ga dariyarta tana fitowa tangaran, amma daidai inda fuskar take, tambarinsa ne zaune. Ya bi wayoyin mutane har Tsamaye da Kurawa, ya sake jawo fim ɗin daga intanet sau bakwai. Duk jikokin kwafinsa ne. Ko'ina ta waiwayo, lambarsa ce ke kallonsa.

Ran kasuwa ya hau mashin zuwa Isa da tsakar rana. Gonaki fari fat, ko tsuntsu babu. A gidan su Bawa, yayarsa Fadima ce ta fito zaure.

"Kai ne Halliru mai turi? Ka makara. Bawa ya rasu wata bakwai ke nan."

Kafin ya gama yi mata gaisuwa ta shiga ciki, ta dawo da wata tsohuwar waya a naɗe cikin tsumma.

"Cewa ya yi in matarka ta rasu za ka zo. In ba ka ka kalla, amma kada ka tura."

"Yaya, ai lokacin lafiyarta lau!"

"Ni dai abin da munka ji ke nan. Kuma tun da munka rufe shi ba a sa mata caji ba, ban san ko tana tashi ba."

Yatsansa na taɓa ta, ta kawo haske. Fim guda ne a ciki, kuma daga bakin gulbi ya fara. Ruwa cike har gaɓa, gero kore shar. Halliru ya rantse ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zauren nan. Sai ga ta. Ta waiwayo, ga wushiryarta, ga ɗan tabon nan na gefen gira da yakan tsokane ta da shi. Ba kyamara take kallo ba, shi take kallo, kuma daƙiƙa goma suka wuce ba ta juya ba.

"Ruƙayya," ya ce, hawaye na ɗiga a kan gilashin.

Me zai hana ya tafi da ita gida? Sau ɗaya tak, daga waya zuwa waya, wa zai cutu? Yatsan da ya shekara tara yana turi bai jira ya gama shawara ba. Wayar aljihunsa ta yi ƙara, alamar saƙo ya iso.

Ƙamshin ƙasa ya ɗauke. Ya buɗe tasa: tambari. Ya koma kan ta Bawa, wadda ba ta taɓa shiga shagonsa ba, sai ga tambarin nan zaune daram a kan fuskar, dariyar na fitowa ta ƙarƙashinsa.

Fadima ta leƙo ta kafaɗarsa. "Lambar wa ce wagga?"

Ya runtse ido ya nemi fuskar matarsa a zuci, ya ga tulu, ya ga mayafi shuɗi, a tsakiya kuma lambobi goma sha ɗaya.