Wa Zai Tsallake Sa'a?

Tun da Sidi ya rasu, wansa Dodo ya sa ido kan ɗakin da matar marigayin, Sa'a, ke ciki da marayunta. Gidan gado ne a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune, ɗakin nata kuma shi ke bakin hanya. So Dodo yake ya fasa masa ƙofa ta waje ya jera kwalaben isansi, wato man fetur, 'yan kabu-kabu su riƙa tsayawa. Ya yi lallashi, ya yi gori, Sa'a ta ce ta ƙofar da aka fitar da gawar Sidi, ta nan za a fitar da tata.

Hankaki ne suka ba shi abin da ya rasa. Bayan ɗakin akwai tsohon kututturen gawo da shazumami suka yi gida a ƙarƙashinsa. Da safe hankaki kan sauka nan, su baje fukafukai, su kwanta a ƙasa kamar an buge su, shazumami na hawansu. Wani ma sai ya tsinci ɗaya da baki ya goga a ƙarƙashin fiffikensa. Sa'a ta daɗe tana kallon wannan. Ta taɓa murje shazumami ɗaya a yatsa ta shinshina, wani tsami ya sokar mata hanci, ya fi na tsohon ruwan tsami. Shi ne abin da 'yan lakwal, masu karatun boko, ke kira asid formik, da shi ƙwaron ke korar mai taɓa shi. Ita dai ta ɗauka wanka tsuntsun ke yi da shi don ƙwarin jikinsa su zube, ta ci gaba da dakanta.

Dodo kuwa ya bi majalisa yana cewa, "Ku je ku gani da idonku. Tsuntsaye sujada suka yi mata."

Bayan ruwan shuka ya tura matarsa Nafisa ta tona gindin kututturen, ko za ta samu layar da aka binne. Ba ta jima ba sai ga ihu. Ta fito dafe da ido, hawaye har haɓa, tana cewa wani abu ya tofa mata wuta. Sa'a ta rugo da buta.

"Buɗe in zuba miki, Nafisa, wankewa za a yi ta yi."

Dodo ya yi ƙwallo da butar. "Kin kama ta, kuma ki zo ki ƙarasa ta? Mayya!"

Washegari aka shimfiɗe Nafisa kan tabarma a ƙofar mai gari Na Allah, idon ya kumbura ya rufe. Ƙauyen ya taru kaf, har da waɗanda Sa'a ta yi wa wankan jego. Abin da ake nema ɗaya ne, wanda kowa ya gada ba tare da ya tambayi wanda ya ƙirƙiro shi ba: wadda ake zargi ta tsallake marar lafiya, ta sakar mata kurwa.

"In ba ki da komi, mi za ya hana ki?" in ji Dodo. "Ɗaga ƙafa ne kawai."

Sa'a ta dubi tabarmar, ta ga ramin da aka gina mata. Idon nan zai warke ko da tsallake ko babu. In ta tsallaka ya warke, an tabbatar ita ta kama ita ta saki, ba sauran zama gare ta a gidan. In ta ƙi, a ce ta ƙi sakin ɗiyar mutane. Ko ta ina, kwalaben isansi sun shiga ɗakinta.

"Yaya," ta ce, "hankaka ake wa kirari da mai da ɗan wani naka. Ashe har ɗakin wani."

"Kun ji ko? Kun ji bakin maita!"

Ta roƙi mai gari ya bar ta ta kewaya. Aka haɗa ta da mata biyu kada ta gudu. Ba ta yi wajen makewayi ba, ta nufi kututturen, ta ɗaga ɓawon da Nafisa ta fara ɓantara. Yana nan kuwa, laɓe cikin inuwa: baƙin ƙwaro mai ɗigon fari, mai dogayen ƙafafu, wanda ke zama kusa da shazumami yana cinsu. Ta san shi tun tana bin uwarta gona. In an matsa masa, baya yake juyowa ya feso irin tsamin nan, kuma ido yake nema. Ta kifa masa ƙoƙo, ta zura faifai ta ƙasa, ta ɗauko.

A tsakiyar taron ta ajiye. "Ga mayen Nafisa. Yaya, buɗe ka gaishe shi."

Dodo ya ja da baya. "Iskokinki ne ciki. Ni ba yaro ba ne."

Ta duba fuskokin mutane, ba ta ga ko ɗaya da ke neman gaskiyar ƙwaro ba. Ko ya fesa wa Dodo, cewa za a yi ita ta aike shi. Ido ɗaya ne kaɗai ba za su iya ɗora mata laifinsa ba: nata.

Ta durƙusa, ta ɗaga ƙoƙon, ta danne ƙwaron da tsinke, ta kai fuskarta kusa. Ba ta ga fitar ruwan ba, sai dai ta ji kamar an watsa mata barkono da garwashi tare. Ta ciji leɓe har ya fashe. Warin tsami ya bugi na kusa, wata tsohuwa ta yi atishawa, ƙwaron ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane ya tsere, maza na tsalle.

Sa'a ta rarrafa ta kwanta kusa da Nafisa, idonta na hagu na zubar ruwa.

"To, ga mu biyu. Ciwo ɗaya, wari ɗaya. Mayya dai ba ta cin kanta, ku kuka faɗa. Ni wa ya kama ni?" Ta juya kanta wajen muryar Dodo. "Duk garin nan mutum guda ke son ganin bayana. Yaya, zo ka tsallake ni. Ɗaga ƙafa ne kawai."

Can daga baya wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Dodo, in ba ka da komi, mi za ya hana ka?" Dariya ta ɓarke. Dodo ya tsaya da babbar rigarsa, ƙafarsa ta ƙi gaba ta ƙi baya, don shi ma ya san idon zai warke.

Mai gari Na Allah ya goge fuska da rawani, ko dariya yake ɓoyewa ko kunya, Allah masani. Ya ce ba wanda zai tsallake kowa, ɗaki kuma na marayun Sidi ne da uwarsu, a kawo ruwa. Nafisa ce ta lalubo hannun Sa'a a ɓoye, ta ce a hankali, "Kamar yaya ake wankewar?"

Idanun suka warke kusan tare. Wannan bai hana wasu mata daina ɗibar wuta a wajen Sa'a ba, don wanda ya saba da tsoro ba ya son a raba shi da shi. Dodo kuwa ya huce haushinsa kan kututturen, ya tuttula masa isansi ya cinna wuta.

Shazumamin da suka tsira suka kwashe ƙwansu suka koma ƙarƙashin rumbunsa. Kafin gero ya yi bununi, hankaki sun gano wurin. Wata safiya Sa'a ta leƙa ta kan darni, ta ga uku kwance a gindin rumbun, fukafukai a baje.

"Yaya!" ta ƙwala, yadda maƙwabta za su ji. "Fito, talakawanka sun zo gaisuwa."