Ƙofofin Zauren Hajiya Sadiƙa

Shekara talatin da huɗu Malam Shu'aibu yana gini a Garuwa, sai ga shi da furfurarsa an ɗauke shi gwajin mako guda, aikinsa wanke tiyo. Wanke tiyo fa! Wani kamfani ne ya kawo inji unguwar Poumpoumré, ƙato mai ƙafa huɗu, bakinsa na zagayawa yana zubo kwaɓaɓɓen siminti layi kan layi, bango na tashi ba bulo ba cokalin magini. Abin ya ci masa rai, amma da hanau gara mannau. In Asabar ta yi Injiniya Olivier mai kula da aikin ya ce ya tafi, to zaman gida ya same shi. Shi ya sa ya yi wa bakinsa linzami.

Ran Laraba, bangon gidan Hajiya Sadiƙa da injin ke ginawa ya kai gwiwa, sai idonsa ya faɗa kan zaure. Ƙofar waje da ta ciki suna kallon juna ɗoɗar, kamar an ja igiya. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya tuna Asabar, ya kuma tuna cewa mata ne za su zauna a gidan nan, zuciyarsa ta ƙi.

"Injiniya, a tsayar da injin nan."

"Baba, in na tsayar siminti zai daskare a tiyo. Lafiya?"

"Zauren nan bai yi ba."

Olivier ya haɗe rai. "Zanen nan daga Yawunde ya zo da sa hannu. An jera ƙofofin ne don iska ta shiga kai tsaye. Kai ma ka san zafin garin nan."

"Ai ba iska kaɗai za ta shiga ba, ɗana."

Shu'aibu ya ce a ransa gani ya kori ji. Ya kife kwanon siminti a inda tsakar gida za ta kasance, ya roƙi Olivier ya zauna, ya ɗora masa tukunyar abincin leburori a gaba. Sannan ya fita titi ya yafito 'yan moto, masu haya da babur, da ke jiran fasinja, ya raɗa musu magana.

Na farko ya wuce a hankali, ya leƙo ta ƙofofin biyu, ya yi gaisuwa da Fulatanci. "Jam na, uwargida! Yau me aka ɗora?"

Na biyu ya ce, "Madam, miyar nan ta yi ruwa!"

Na uku ma tsayawa ya yi, ya kashe moto, ya zuba tagumi yana kallo.

Dariya ta ɓarke. Olivier ya yi ƙoƙarin cijewa, ina, har hular kwanonsa ta faɗi. Ya ɗaga hannu aka kashe inji, aka yi maza aka zuba wa tiyo ruwa. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "To Baba, ina za ta koma?"

Shu'aibu ya ja layi a ƙasa da diddige, ya kai ƙofar ciki can kusurwar hagu, yadda mai shigowa sai ya karya kwana ya yi sallama kafin ya ga kowa. Ya kankare ɗanyen simintin da ya tare wurin. Bayan azahar injin ya tashi, ya bi layin diddigen nan bai kauce ko taƙi ba.

Ran Asabar Olivier ya kira shi gefe. Shu'aibu ya goge hannu a riga, ya shirya jin sallama. Sai aka miƙo masa naɗaɗɗun takardu.

Olivier ya ce, "Zanen gidaje huɗu ne a garin Kaélé. Kafin Litinin ka duba mana su, Baba. Ba za mu zuba ko layi ɗaya ba sai ka ce."

Daɗi ya kama dattijon har idonsa ya kawo ruwa. Ya rungume takardun a ƙirji, ya ce, "To a samo mini fensir. Mai jan baki."