Zanen Ɗaukar Hoto

Tun da fasto ya sanar cewa ranar Asabar za a raba wa gwauraye shinkafa, Mai Ɗinki ta ciro leshinta daga ƙasan akwati, wanda marigayi mijinta ya saya mata, ta goge shi tsaf. Gidan Ubangiji za ta, ba juji ba. A gida kuwa tukunya ta kwana biyu ba ta ga wuta ba, jikokinta har sun fara leƙen girkin maƙwabta.

A harabar coci an jera buhuna, kowanne da hoton Dattijo, attajirin nan mai zama a kujerar gaba, yana murmushi kamar shi ya halicci shinkafar. Matarsa, Uwar Zumunta, shugabar matan coci, tana zagayawa da mai hoto a bayanta, turarenta na riga ta isa ko'ina. Ta tsaya gaban Mai Ɗinki, ta ƙare mata kallo.

"Mama, ke ma cikin masu karɓa kike?"

"Ina ciki, ranki ya daɗe."

"To ai kin fi ni kwalliya! Masu tallafa mana ne za su ga hoton nan. Suka gan ki haka, cewa za su yi ƙarya muke. Ku ba Mama zane daga jakar can."

Ashe jaka guda suka tanada, cike da tsummokara, don talakan da bai yi kama da talaka ba. Mai Ɗinki ta juya wanda aka miƙa mata. Sabon yadi ne fil, an bi shi da almakashi, an murza shi cikin ƙasa. Ko talaucin ma sai an yi na jabu! Ita da take da na gaske, nata ne bai ci jarrabawa ba. Ubangiji ya ce kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Nan kuwa hagu ta sani, dama ta sani, har an yi hayar mai hoto.

Ta so ta jefa musu abinsu ta kama hanya. Sai ta tuna da tukunyar. Ta ɗaura tsumman a kan leshin.

"Sunkuyar da kai kaɗan, Mama," in ji mai hoto. "Yawwa. Ɗan ɓata fuska."

Wannan kam bai ba ta wahala ba.

Ranar Lahadi ga hoton a bakin ƙofar coci, ƙato, ya kusa kai tsayin mutum: Uwar Zumunta na sheƙi, wata tsohuwa a durƙushe, kai a ƙasa, ta rungume buhu. Jikar Mai Ɗinki ta ja ta tsaya.

"Kaka, wace ce wannan baiwar Allah?"

"Ban san ta ba," in ji Mai Ɗinki, ba ta ko ɗaga ido ba.

Yarinyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ja gefen leshin kakarta.

"Ta ba ni tausayi. Mu ɗiba mata daga shinkafarmu mana, Kaka. Ba sai mun gaya wa kowa ba."