Takardar Su a Cikin Laya

Shekara arba'in ina dukanci, ba a taɓa dawo mini da ɗinki an ce ya saki ba. Ni ne Manzo baduku, ku tambayi kowa daga Belbeji har Tanut. Amma ranar da zan ba ku labarinta, wallahi da ɗinkin nawa ya saki tun farko da ya fi mini.

Shekara shida ke nan da samun mulkin kai. Damina ta yi kyau a jere, tabkin da ke gabas da garinmu a kwarin Tarka ya daina ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Ma'aikatan ruwa da daji suka kawo 'ya'yan kifi cikin durom suka zuba, suka ce ba mai jefa ko ƙugiya sai yana da takardar su, wato ta izinin kamun kifi. Mu Damargawa me muka sani da kifi? Gero muka sani, sai gyaɗa. Mutum ɗaya ne a garin ya iya su na gaskiya, Barmo, Babarbaren da ya taso a bakin kogin Komadugu ya zo ya zauna cikinmu da matarsa. Ba shi da gona ko ta shimfiɗa tabarma. Duk dukiyarsa birgi ne guda, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe bisa ruwa ta nitse da nauyin dalma. Na ubansa ne, da shi yake ci, da shi yake sha.

Ran nan da hantsi ina rumfata aka zo aka ce in zo bakin tabki maza, in taho da wuƙata.

Na tarar da mutane sun yi cirko-cirko. Wani dogon saurayi cikin kaki yana tsaye, dokinsa ɗaure a gindin aduwa. Sabon ma'aikacin daji ne daga Tanut, Mushe Ilyasu, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. A gabansa ga ƙugiyoyin wasu baƙi uku da ya riga ya karɓe, su kuma suna zaune gefe sun cika sun yi fam. Ga birgin Barmo shimfiɗe, yana ta ɗigar ruwa.

"Baba, kai ka ɗinka wannan?" Mushe ya nuna baƙar layar da ke wuyan Barmo.

"Ni na ɗinka."

"Ya ce parminsa, takardar izinin, na ciki. Ni tunda nake ban taɓa ganin an ɗinke takardar gwamnati cikin fata ba."

"To ina kake so ya sa ta, Mushe? Mutumin da ke wuni cikin ruwa har wuya? A aljihu ta zama kunu?"

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce wanda ya gada a wurin ya san Barmo, shi bai san shi ba, takarda yake gani. Ya ce bara a wani tabki an yi sake, baƙi suka zo da raga mai ƙananan idanu suka kwashe har 'ya'yan, yanzu ko kwaɗo ba ya kuka a can. Duk ragar da ya kama babu parmi, Tanut za ta, wata na ƙarewa a ƙone ta a ƙofar biro, ofishinsu. Saura kwana tara watan ya ƙare.

Barmo ko a jikinsa. Ya cire layar ya miƙo mini yana murmushi. "Baba Manzo, farke masa ya gani. Ka sake ɗinka mini bashi."

Na tsuguna na bi zaren da tsinin wuƙa. Na ɓare kakin zuman da na like ta da shi, na warware zaren da aka naɗe takardar, na miƙa wa Mushe ban ko duba ba. Ya buɗe. Ya juya ta. Ya sake juyawa.

"Wannan ai rubutun malam ne."

Na leƙa, ga tawadar allo, ga hatimi mai gida-gida, ba tambarin biro ko ɗaya. Nan take na tuna. Wata biyar da suka wuce Barmo ya kawo mini takarda biyu rana ɗaya, kowace an ninke ta ƙanana an naɗe da farin zare. Ɗaya takardar su, a ɗinke masa da baƙar fata. Ɗaya layar matarsa Yagana, a sa mata ja. Ciki uku ta yi suna zubewa a wata na biyar, shi ne wani malami a Tarka ya rubuta mata, ya ce ta ɗaura a ƙugu kada ta kwance ko wanka za ta yi, sai ta sauka. Ranar da aka buɗe ta, aikinta ya ƙare. Na ajiye su bisa tabarma, ta dama tasa, ta hagu tata. Wani Buzu ya zo da sirdin raƙumi ya ɗauke mini hankali da ciniki, na tashi na zagayo na zauna ta ɗaya gefen. Ni da girman kaina, ban ko yi shakka ba.

Na ɗago na dubi Barmo. Shi ma ya gane. Leɓensa ya bushe, murmushin nan ya tafi.

"Mushe," na ce, "laifina ne, takardar tana..."

Barmo ya damƙe mini hannu har na ji ƙashi. Ya ja ni gefe.

"Kada ka kuskura," ya ce a hankali.

"Haba ɗana! Takardarka na nan lafiya lau, ko ruwa bai taɓa ta ba. In karɓo, in farke, a nuna masa, in maida, kafin a ce kwabo."

"Ka karɓo ka ce mata me? Watanta bakwai, Baba. Ba ta taɓa kai bakwai ba. Kullum da asuba sai ta shafa abin nan kafin ta miƙe. Ka je ka ce mata wata biyar takardar kifi take ɗaure da ita? Ta gaskiyar kuma ga ta can ka farke ta a gaban jama'a?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mushe Ilyasu ya matso. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. "In tana gida, mu je in gani. Ba na son ɗaukar ragar mutum a banza. Amma yau, yanzu. La'asar ina kan hanya."

Ɗaya daga cikin baƙin nan ya ɗaga murya: "Mu ba a ce mu je gida ba! Ko dokar ta baƙi ce kawai?"

Kafin Mushe ya amsa, mutane suka dare. Yagana ce tafe da ƙwaryar fura a kai, tana tafiyar mai nauyi, hannu ɗaya a ƙugu. Na yi wuf na take fatar da na farke da ƙafata. Amma rubutun malam na hannun Mushe a buɗe, kuma Yagana ta ga takardar nan ranar da aka rubuta ta. Taku biyar ne tsakaninsu.

"Lafiya, maigida? Me ya sami ragar?"

Ta dubi mai kakin, ta dubi birgin.

"Takarda ce? Ai yana da ita! Ni na yi masa guzuri ranar da ya tafi karɓo ta. Maigida, nuna masa mana. Baba Manzo, ba kai ka ɗinke ta ba?"

Mushe ya dubi Yagana, ya bi hannunta da ido har inda wata 'yar tsika ta jar fata ta leƙo ta bakin zane. Ya dubi rubutun da ke hannunsa. Ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma na ga ya dunƙule hannun a hankali ya maida shi baya.

"Malam Barmo," ya ce, muryarsa ta sauka, "zan tambaye ka sau ɗaya. Akwai takardar da za ka iya nuna mini yau?"

Raina yana cewa faɗi, Barmo, faɗi, mace ba ta mutuwa don ta ji gaskiya. Wani sashe na raina kuma yana tuna mini ƙananan kaburbura uku a bayan gari.

"Babu, Mushe," in ji Barmo. "Ta ɓace mini tun kaka. Tsinkewa ta yi cikin ruwa, na ji kunyar faɗa."

"Innalillahi!" Yagana ta sauke ƙwaryar. "Tun kaka? Kana kwana kana tashi da ni ba ka faɗa ba? Yanzu me za mu ci? Me zan ba abin da ke tafe?"

Barmo ya sunkuyar da kai yana shan faɗan. Mutanen da ya saba ba kifi kyauta suka fara gunaguni, wai ashe ƙarya yake yi musu. Shi da kansa ya tsuguna ya tattara birgin, ya matse ruwan, ya naɗe shi yadda ubansa ya koya masa, dalma a ciki don kada ta ji wa doki ciwo. Ya ɗora a bayan sirdi ya ɗaure. Mushe ya zo zai wuce ta gabana, ya yi kamar zai gaishe ni, ya cusa mini takardar malam a tafin hannu. Ya hau ya tafi bai waiwaya ba.

Jama'a suka watse. Barmo yana tsaye yana kallon ruwa, hannuwansa a sake ba abin riƙewa. Yagana ta share hawaye da gefen mayafi, ta sunkuya da ƙyar za ta ɗauki ƙwaryar, na riga ta na miƙa mata.

"Baba Manzo, ka ga halin ɗanka ko?" Ta dafa ƙugunta, daidai kan jar fatar. "Allah ya so ni tawa ba a hannunsa take ba, da ita ma ya salwantar. Ko zare ɗaya bai saki ba, Baba. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Barmo ya juyo ya zuba mini ido.

Na ce, "Amin, 'yata."