Dutsen Mai-Kuka

Jipar tana ta kai da komo a tsakar ɗaki da waya a kunne, shayin da ta ɗora ya tafasa har ya zube. Mijinta Sagin ne ya kira ɗazu: doki ya kayar da shi a kan dutse, ƙafa ta karye, ƙanƙara ta fara sauka. Daga nan wayarsa ta mutu.

Yanzu ga wani saurayi a ofishin masu ceto na gunduma yana tambayarta wane dutse.

"Dutsen Mai-Kuka," ta ce.

Ya ce babu wannan a taswirarsa. To, ina zai samu? Suna ne da matan ƙauyen suka sa wa dutsen. A garinsu matar ɗa ba ta kama sunan surukinta, ko kalmar da ta yi kama da shi. Kakar Sagin ce ta faro abin: surukinta Borubai ne, boru kuwa a yarensu kyarkeci ke nan, sai ta koma ce wa kyarkeci mai-kuka, dutsen ma haka, tunda akwai boru a sunansa. Mata suka ɗauka, yaran da suka goya suka tashi da shi, har maza suka bi.

Abin haushi, an mai da wa jikan Borubai sunan. Ga shi can zaune gindin murhu, Borubai na biyu, surukin Jipar, wanda tun da ciwon shanyewar jiki ya kama shi ba ya tanka wa kowa.

Ta yi kwatance da kogi, ta yi da tsohuwar gada. Saurayin ya ce kowane kwari da koginsa.

"Haba Yaya, dutsen mijinki ne shi ma da ba za ki faɗi sunansa ba? In hadarin nan ya rufe, motarmu ba ta hawa fa."

Ta leƙa maƙwabta, duk sun tafi kasuwar dabbobi. Ta dawo. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi. Tun da aka kawo ta gidan nan kalmar ba ta taɓa bi ta bakinta ba, ko a mafarki.

Ta juya wa murhu baya, ta rufe ido.

"Boru-Tash," ta ce. Bai ji ba, layin yana ƙara. Ta ɗaga murya. "Boru! Borubai, Boru!"

Saurayin ya ce ya gani a taswira, sun taso.

Ba ta kai ga ajiye wayar ba, wata shaƙaƙƙiyar murya ta fito daga gindin murhu.

"Na'am, 'yata?"