Zaga-Duniya a Shagon Donot

Duk layin sun san shi da Zaga-Duniya, domin ba ya buɗe baki sai ya ce "lokacin da nake waje". Matarsa kaɗai ta san iyakar wajen nasa: ɗakin awon kaya na filin jirgi, inda ya tsufa yana liƙa wa akwatunan mutane takarda. Ta daɗe tana haɗiye wannan sani, har raini ya zame mata abincin yau da gobe.

Da 'yar ƙanwarta ta buɗe shagon donot, wato fanken Turawa, a bakin titi, ita ta taya ta goge gilashi. Yarinyar ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi tukunyar suya, ta yi wata da watanni tana gwaji. Ga na Japan mai koren shayi, ga na Meziko mai cakulan da barkono, ga na Turkiyya mai ƙamshin fure. Mutanen layi kuwa suka yi cirko-cirko a ƙofa, ba mai sayen abin da bai sani ba sai Zaga-Duniya ya ɗanɗana.

Ya iso yana tafiyar ƙasaita, ya ɗauki koren da yatsu biyu, ya shinshina, ya gutsura kaɗan. Sai ya yatsine fuska ya ce a Japan ko kare ba ya cin wannan. Na Meziko ma ya ce an yi wa Meziko ƙarya. Matar ta dubi sukarin da ya maƙale masa a gemu, ta tuna jiya ya ci ɗanyen biredi bai ma lura ba. Mai wanki da ke gaban layi ya mayar da kuɗinsa aljihu, tela ya juya zai tafi. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana goge tiren da ba shi da datti.

"Ki koma ɗinki, 'yata," in ji shi. "Wannan sai wanda ya ga duniya."

Matar ta ajiye tsumman hannunta. Da murya ƙasa-ƙasa ta yi magana, amma shagon ƙarami ne.

"Maigida, akwatunan da suka je Japan ka gani. Kai ko matakalar jirgi ba ka taɓa takawa ba."

Tela ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Mai wanki ya sake zaro kuɗinsa ya ce a ba shi koren nan da kare ba ya ci. Zaga-Duniya ya tsaya da guntun donot a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, ya fita da shi.

Matar ta san daga yau bencin ƙofar gida, inda ake taruwa jin labaransa, zai zama wayam, kuma shirun da ke jiranta a ɗaki ba na kwana ɗaya ba ne. Ta laluba zuciyarta ko za ta sami tausayinsa, ba ta samu ba. Ta ɗauki na Meziko ta ciza. Barkonon ya ɗan yi yawa, amma wannan sai an watse za ta gaya wa yarinyar.