Mai Yaga Ledar Jirgin Yaya

A watan Mayu, da sanyi da ruwan sama suka kankama, Yaya Baldovino ya tafi aikin haƙar kwal a garin Río Turbio, ya bar mini amanar jirginsa. Jirgin katako ne na kamun kifi, da shi yake ciyar da 'ya'ya huɗu, ba shi da wani abu bayansa. Muka ja shi da shanu zuwa bayan gidan Mama. Gargaɗi ɗaya ya yi mini: kada fumfuna ta shiga ciki, don in ta kama katako, ruɓewa ke biye.

Ni kuwa ba na aiki rabi da rabi. Na sayo baƙar leda a garin Castro, na naɗe jirgin tsaf, na ɗaure tamau, ko sauro ba zai sami hanya ba.

Bayan mako guda na tarar an tsaga ledar gaba da baya. Na liƙe, aka sake tsagawa. Na zargi karnuka, na zargi maƙwabcinmu Nicanor har muka daina gaisawa. Wata huɗu ina liƙewa ina zage-zage, Mama na gefen murhu tana saƙa.

Ranar da Yaya ya dawo, a Satumba, na kasa cin abinci. Da safen ranar na ji labarin jirgin mutanen gidan Oyarzo, wanda aka naɗe kamar yadda na yi: da aka buɗe, ciki ya yi kore shar, katakon na marmashewa kamar dafaffen dankali.

Na kwance igiya. Yaya ya shiga, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa katako, ya zaro buhunan gawayi uku daga ƙarƙashin benci. Ko'ina a bushe ƙamas. Ya yaba mini, yana tambayar wanda ya koya mini bar wa iska hanya da sa gawayi ya sha danshi.

Na waiga. Mama na bakin ƙofa da wuƙar fere dankali.

"Haba Mama, da sai ki gaya mini."

"Kai ake gaya wa magana? Shekara arba'in ina gaya wa ubanka bai ji ba, kai kuwa kansa ka ɗauko."

Na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa ina dariya har da hawaye, don tun Mayu ban yi numfashi mai daɗi irin wannan ba. Washegari da safe Yaya ya fita kamun kifi.